Abin da Ke Bayan Rahoton Kaji

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, sai gajiyar karatu.

Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana tambayar wace ce. Ni ce 'yar ungozoma, jikar yayar mahaifinka, wadda ka laƙaba wa Ja-Ƙafa don ba na tafiya sai an ja ni. Rabona da kai tun rasuwar Inna, shekara shida ke nan, kuma ba ni da wata hujja. An ce mini kunnenka ya yi nauyi har ka daina ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto. Direban motar da ke bi ta garinku ya ce ya san ƙofar gidanka.

Ofishin lafiya da nake aiki sun ba ni hutun shekara guda in karanci manufofin gwamnati, wato yadda ake yanke shawarar da ta shafi jama'a da abin da ke biyo baya. Saura mini aiki ɗaya, babban rubutun ƙarshe. Na zaɓi rufe ɗakunan haihuwa na unguwanni da aka yi shekara talatin da suka wuce, lokacin da aka kwashe kowa aka mayar babban asibiti. Ka san a ɗaya daga cikinsu Inna ta yi aiki, kuma har ta bar duniya ba ta son a tayar da zancen.

Wata biyu na yi a gaban kwamfutar ɗakin karatun makarantarmu. Akwai rumbun bayanai guda uku da ake shiga: na mujallun bincike, na rahotannin gwamnati, da na zaman majalisa. Na sa "ɗakin haihuwa", na sa "rufewa", na sa "unguwa", na taƙaita shekarun. Sakamako ɗari huɗu da 'yan kai suka fito, na bi su ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Babu ko ɗaya da ya nuna an tambayi matan unguwa kafin a rufe. Sai na gina rubutuna kacokan a kan wannan, na ce ba a yi wani bincike ba ko kaɗan.

Malamin da ke duba aikina ya zagaye layin da jan biro, ya rubuta a gefe: "Babu shi ne, ko ke ce ba ki gan shi ba?" Ya ba ni zuwa talatin ga wata in kawo tabbaci. In na kasa, hutuna ya ƙare, in koma ofis hannu wofi.

Kawu, shekara talatin da biyar ka yi a ɗakin karatun gwamnati, inda kowace ma'aikata ke kai rahotonta. Ka taɓa ganin wani abu a kan wannan? Ko "a'a" ka ce, ya ishe ni.

'Yarka,
Ja-Ƙafa, in har kana tuna sunan

Alhamis, 5 ga wata

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya.

Ki goge wannan layin da kika rubuta. Ki kuma daina wahalar da kanki da na'ura, ba za ki same shi a ciki ba. Kada ki tambaye ni komai yanzu.

Kawunki

Asabar, 14 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ni dai mura ta ɗan taɓa ni, amma na warware.

Kwana tara ke nan ina jiran wata takarda bayan waccan, duk sanda na je tasha direba ya girgiza mini kai tun daga nesa. Na karanta layukan nan naka har na haddace. Na gane, Kawu. Mutum ya yi shekara shida bai leƙo ka ba, ranar da ya tuna da kai kuma da buƙatarsa ya zo. Ko ni ce zan ji haushi. Na lura ko sunan tsokanar ba ka kira ni da shi ba, kuma rubutun manya-manya ne kamar na mai son ya gama ya huta. Ka yafe mini. Ba don rubutun makaranta nake roƙo ba, don zumunci ne.

Amma ka sa ni a tsaka mai wuya. Ka ce in goge layin, ba ka ce me zan sa a madadinsa ba.

Ban zauna haka nan ba. Akwai wata ma'aikaciya a sashen bincike na ɗakin karatunmu, ɗalibai na kiranta Hajiya Sannu-a-Hankali, don ko gobara ake yi sai ta gama gyara gilashinta. Da na kai mata kukana ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta nuna mini cewa sunan ma'aikatar lafiya ya canza sau biyu tun lokacin, don haka sai an nema da tsohon sunan. Ta nuna mini yadda ake bin jerin majiyoyin da ke ƙarshen kowace maƙala, daga wannan a kamo waccan, kamar mai warware zare. Ta sa na buɗe littafi ina rubuta duk kalmar da na gwada, da rumbun da na gwada a ciki, da abin da ya fito, don in malam ya tambaya in nuna masa inda ƙafata ta taka. Na ƙaru da ita sosai, Allah ya saka mata. Amma abin da nake nema dai shiru.

Da na karanta mata takardarka sai ta ce, "Wanda ya ce ba za ki same shi a na'ura ba, bai ce babu shi ba. Wannan tsohon ya san wani abu." Na ce mata tsohon fushi yake yi da ni. Ta ce, "To, ki ba shi haƙuri, ki jira."

Ga haƙurin na bayar. Saura kwana goma sha shida.

'Yarka

Talata, 17 ga wata

Zuwa ga Ja-Ƙafa,

Ga sunan nan na rubuta, hankalinki ya kwanta. Bayan gaisuwa, ina lafiya, kuma yau ina ganin duniya fiye da yadda na gan ta shekara biyar. Ranar da takardarki ta farko ta zo, washegari aka sa za a yi mini aikin ido. Layukan da kika haddace a tsaye na rubuta su, ina lalube, shi ya sa suka yi girman kan akuya. Bayan aikin likita ya hana ni karatu da rubutu kwana goma. Fushin da kika hango babu shi. Abin da ke akwai kunya ce, kuma tawa ce.

Rahoton yana nan. Mahaifiyarki ce ta kawo mini shi da hannunta, a cikin jakar aikinta, ta ajiye a kan teburina ta ce, "Ƙanena, ka adana mini wannan inda ba zai ɓata ba." Ita da wasu ungozomomi ma'aikatar ta sa suka bi gida-gida. Bai kai shafi arba'in ba, siririn abu mai bangon takarda.

Bari in gaya miki yadda muke aiki a lokacin. Irin waɗannan siraran rahotanni ba sa tsayuwa a kanta. Sai su zame, su faɗa baya, gara ta ci, ko wani ya naɗe ya sa a aljihu. A shekarar kuma rufin sashenmu yana yoyo. Sai na ƙirƙiro dabara, kuma na yi alfahari da ita: in tara goma ko sha biyu, in ɗinke su wuri guda, in sa musu bango mai kauri. Ba ta batu nake haɗa su ba, ta tsawo da faɗi, don bangon ya zauna daidai. Sai in buga kati ɗaya da sunan rahoton da ke sama, da niyyar in dawo in yi wa sauran nasu katunan idan aiki ya lafa. Aiki bai taɓa lafawa ba. Ni kuma ban damu ba, tunda duk wanda ya zo nema ni zai tambaya, ni kuwa na san wurin kowanne kamar yadda na san ɗakunan gidana.

Da kwamfuta ta zo, matasan da aka ɗauka suka kwashe akwatunan katunana suka shigar da abin da suka gani. Abin da ba shi da kati bai shiga ba. Ramin da kika faɗa cikinsa ni na haƙa shi.

Akwai abin da ya fi wannan. Ana gab da yanke shawarar rufewa na tafi hutu. Da na dawo abokin aikina yake gaya mini wai magatakardan kwamitin majalisa ya zo neman rahoton ungozomomi, sun duba akwatin katuna tare, ba su gani ba, ya tafi. Bayan mako uku aka rufe ɗakunan. Ban taɓa faɗa wa mahaifiyarki ba. Duk sanda ta zo gidana nakan kawo mata shayi in yi ta surutu a kan komai, don kada zance ya biyo ta can. Ta rasu ban faɗa ba. Shekara talatin ina tambayar kaina, da mutumin nan ya samu takardar, da an rufe?

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki sa Hajiyar nan taku ta nemi aro daga tsohon wurin aikina. Kundin koren bango ne, na tuna don yadin da ya rage mini ke nan a shekarar. Sunan da ke katin shi ne rahoton cututtukan kaji. Kada ki yi dariya. Na mahaifiyarki shi ne na bakwai ko na takwas a ciki.

Ki gaishe da Hajiyar. Ta fi ki fahimtar tsofaffi.

Kawunki

Asabar, 21 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da ido. Ka kiyaye abin da likita ya ce, kada ka tsawaita rubutu saboda ni. Na ji kunyar zargin da na yi maka, amma daɗin ganin sunana a saman takardar ya fi kunyar yawa.

Maganar magatakarda ba zan ce komai a kanta yanzu ba, don ban san me zan ce ba. Na dai karanta wurin sau biyu, na ajiye takardar, na fita na zagaya harabar makaranta. Ban ji haushinka ba. Tausayi na ji, naka da na Inna.

Mun sa "cututtukan kaji" a rumbun rahotanni, nan take ya fito da lambar kantarsa, abin da wata biyu ina wucewa ta gefensa. Hajiya ta cike takardar aro. Suka amsa cewa kundin ya tsufa ba ya fita, amma za su ɗauki hoton shafukan su turo. Jiya saƙon ya shigo, nan take na buɗe.

Kawu, kaji suka turo mini. Shafi talatin da biyu, babu komai sai kaji. Yanzu na san alamun murar kaji fiye da likitan dabbobi. Wanda ya ɗauki hoton ya duba abin da aka nema, ya kai ƙarshen rahoton farko, ya rufe kundin. Ban ga laifinsa ba.

Na kifa kaina a kan tebur. Hajiya ta gama goge gilashinta tukuna, sannan ta ɗauki waya ta kira su da kanta. Na ji tana cewa, "Ɗana, ka koma ka ɗauko koren kundin nan. Ka wuce kajin. Ka ci gaba da buɗewa, ina kan layi." Ya wuce na rijiyoyi, ya wuce na motocin haya, ya wuce na allurar shanu. Can sai ta miƙo mini wayar, na ji saurayin yana karanta wani suna a hankali, da kalmar ungozomomi a ciki. Na takwas ne.

Ya ce na'urar ɗaukar hotonsu ba ta son kundi mai kauri, ɗinkin kuma ya matse gefen shafukan, sai an bi a hankali. Ya yi alkawarin Talata. Ɗinkinka dai har yau bai saki ba, shi ma ya yaba. Saura kwana tara.

Ja-Ƙafarka

Asabar, 4 ga sabon wata

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fatan idon yana ƙara washewa. Ka yi haƙuri da shirun mako biyu, wannan karon ni ce likita bai hana rubutu ba amma rubutu ya hana ni komai.

Albishir farko: malam ya sa hannu. Na miƙa ranar talatin da rana, ranar Alhamis ya kira ni ofishinsa. Ya ce rubutun farko na mai jin haushi ne, wannan kuma na mai bincike ne. Na rushe kusan rabinsa na sake gini. Yanzu ba cewa nake ba a tambayi mata ba. Cewa nake an tambaye su, gida ɗari shida da goma, sun ba da amsa, amsar kuma ba ta canza komai ba. Na ƙara babi guda a kan yadda takarda ke ɓacewa alhali tana kan kanta. Ban ambaci sunanka ba.

Na biyu naka ne, ka zauna kafin ka karanta. A bangon rahoton akwai lamba, hamsin da takwas. Hajiya ta ce in gwada lambar kaɗai a rumbun zaman majalisa, ba tare da wata kalma ba. A da batun nake nema, su kuwa masu rubuta bayanan zama lamba kawai suke sawa. Sai ga shi ya fito, layi ɗaya, a zaman kwamitin na wata biyu kafin ka tafi hutu: an karɓi rahoto mai lamba hamsin da takwas, an raba wa 'yan kwamiti, an ajiye. Ma'aikatar ta aika musu nasu tun farko. Yana gabansu ranar da suka yanke shawara. Ban san abin da ya kai magatakardan wurinku ba, wataƙila nasa ya ɓatar. Amma ba katinka ne ya rufe ɗakin Inna ba. Na sa hoton shafin a cikin ambulan ɗin nan, da manyan haruffa.

Na uku nawa ne. A ƙarshen rahoton akwai jadawalin da ban san ko ka taɓa karantawa ba. Layi-layi ne na unguwarmu, kowanne da minti nawa ake yi a ƙafa zuwa ɗakin haihuwa, da minti nawa zuwa babban asibiti. Layinmu minti bakwai ne da minti hamsin da biyar. A ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa, tunda ba za a sa mace mai naƙuda ta yi tafiyar gwaji ba, ungozomar da ta auna ta riƙa tafiya da 'yarta 'yar shekara biyar, domin takun yarinyar ya yi daidai da na mai naƙuda.

Kawu, na tuna tafiyar nan. Kullum bayan an tashi makaranta Inna ta riƙe hannuna mu yi ta bin layuka, agogonta a ɗaya hannun, ni ina ƙunƙuni ina tsayawa kallon kowace tururuwa. Abin da ya ɗaure mini kai tun lokacin shi ne ba ta taɓa ce mini in yi sauri ba, ita da ko kasuwa za mu sai ta ja ni. Na ɗauka yawo take kai ni. Wata biyu ina neman hujja a rumbu uku, ashe da ƙafata aka auna ta.

Na yi kuka a sashen bincike, a gaban mutane. Hajiya ta turo mini kwalin takardar goge hanci, ta ci gaba da aikinta.

Inna ta ce ka adana inda ba zai ɓata ba. Saurayin can ya bincika mana, ma'aikatar ba ta da ko kwafi ɗaya, na majalisa ma babu. Naka kaɗai ya rage, a bayan kaji. Na gode, Kawu. Ban san yadda zan faɗe shi ya kai yadda nake ji ba.

Hajiya da saurayin sun riga sun shigar da rahotanni goma sha ɗaya na kundin, kowanne da sunansa. Suna tambaya kundi nawa ka ɗinka. Ni kuma ina tambaya ko in zo ranar Asabar mai zuwa.

'Yarka,
Ja-Ƙafa

Laraba, 8 ga wata

Zuwa ga Ja-Ƙafa,

Wa alaikumus salam. Ido lafiya, jiki lafiya. Barka da sa hannun malam, Allah ya sa albarka.

Shafin da kika turo na karanta shi ba tare da gilashi ba, sannan na sa gilashi na sake karantawa, ko na yi kuskure. Mutanen gida sun ce tun ranar nake cin abinci kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Ban yi musu bayani ba. Na so a ce mahaifiyarki na nan in faɗa mata da bakina, har da abin da na ɓoye. Amma kada ki wanke ni tas. Wata biyun da kika yi kina ruwan ido, nawa ne.

Jadawalin ban taɓa karanta shi ba. Mai ɗinki gefen takarda yake kallo. Da na san abin da jan ƙafarki ke yi wa unguwa, da na nemo miki wani sunan. Yanzu kuma ya bi ki, sai haƙuri.

Ki gaya wa Hajiya kundi ɗari da arba'in da uku ne. Na sayi sabon littafi na fara rubuta abin da ke cikin kowanne, ta launin bango. Na kai na goma sha tara. Wasu sun kuɓuce mini, sai na riƙe su a hannu zan tuna. In za ki raka ni can, mu yi wa sauran katunansu.

Ki zo ranar Asabar. Jiya na ɗauki agogo na auna daga ƙofar gida zuwa tasha. Da, minti tara nake yi. Yanzu minti ashirin da biyu ne, da tsayawa biyu a inuwa. Ki jira ni a inda mota ta sauke ki, ni zan zo in tare ki. In mun kamo hanyar gida kada ki ce mini in yi sauri.

Kawunki